Makaranta ta ce in zo in ɗauke ɗana mai otizim, ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari. Bari in ɗan maimaita abin da kika rubuto saboda masu karantawa su gane kan zancen. Ɗanki shekararsa shida, likita ya tabbatar miki otizim ne, abin da mutanenmu ke cewa galahanga, maganarsa kalma ɗaya ɗaya ce, makarantar kuɗi yake zuwa, yanzu kuma mai makarantar ta kira ki ofis ta ce iyaye sun fara ƙorafi, ya ciji wani yaro, ba ya zama wuri ɗaya, da an kaɗa ƙararrawa sai ya toshe kunne ya yi ta ihu, don haka in wannan zangon ya ƙare ki nema masa makarantar kurame. Kuma wannan ce makaranta ta biyu da aka yi miki haka. Kina tambaya shin yana da wani haƙƙi a doka, kuma me za ki yi.

Ni malama ce ta yara masu buƙata ta musamman, na daɗe a aikin nan, kuma wallahi irin wannan kiran na ofis na ga iyaye mata da yawa sun fito daga cikinsa suna share hawaye da gefen hijabi. To ki kwantar da hankalinki, akwai abin yi.

Maganar makarantar kurame tukuna, ki ajiye ta gefe. Yaron da ƙarar ƙararrawa ke sa shi toshe kunne ai ba kurma ba ne, ji ne ma ya yi masa yawa. Makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano aikinsu na kurame da makafi ne, malamansu sun ƙware a maganar hannu da rubutun makafi, kuma suna ƙoƙari sosai a fanninsu, amma wannan fanni daban, na ɗanki daban. Matsalar ita ce kalmar galahanga ɗin nan mun mai da ita buhu, duk yaron da bai yi kama da sauran ba sai a jefa shi ciki, mai otizim, mai shanyewar gaɓoɓi tun haihuwa, mai jinkirin fahimta, wanda ba ya ji, duk ɗaya ake musu kallo, alhali kowa da irin taimakon da yake buƙata. Duk da haka ki sa a yi masa gwajin ji a asibiti in ba a taɓa yi ba, don ki samu takardar a hannu, gobe in wani ya sake ce miki kurma ne ki miƙa masa.

Sai takardar likita. Yawancin iyaye abin da suke riƙe da shi kati ne kawai na asibiti da kalma ɗaya a jiki, wannan ba ya yi wa malamar aji amfanin komai, ita ba ta san me za ta yi da kalmar ba. Ki koma wurin likitan, ko na yara ko na ƙwaƙwalwa, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne, ko na Shika a Zariya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, duk inda kuke zuwa dai, ki ce kina son rahoto na kai wa makaranta, da hatimi da sa hannu. Ki roƙe shi ya rubuta abin da yaron ya iya, abin da ke tayar masa da hankali, da kuma jimla guda da ke cewa zai iya zama a aji da sauran yara in an yi masa wasu gyare-gyare. Wannan jimlar ita ce ke aiki. Ki kuma faɗa masa in kina ganin yaron na ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu, ido a buɗe amma kamar ba ya nan, saboda farfaɗiya ta fi yawa a yara masu otizim fiye da sauran yara, kuma wata irinta ba faɗuwa ake yi ba. Ki yi fotokwafi uku, asalin kar ya bar gidanki.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. In kika shiga ofishin mai makaranta kika ce don Allah a yi haƙuri da shi, a taimaka mana, za ta ce miki to in sha Allahu za mu duba, kuma har ranta tana iya nufin hakan, amma bayan sati biyu ya sake cizon wani shi kenan an koma gidan jiya, saboda ba a taɓa faɗa wa kowa ga takamaiman abin da zai yi ba. Haƙuri ƙarewa yake. Abin da za ki nema shi ne abubuwa ƙanana, ƙirgaggu, a rubuce a takarda ɗaya, da sunan wanda zai yi kowanne, da ranar da za a sake zama a duba.

Kafin ki san me za ki nema kuwa sai kin san me ke jawo cizon. Ki sayi littafin rubutu mai ganye ashirin ki ba anti ɗin ajinsu, ki ce alfarma ɗaya kike nema na sati biyu: duk sanda ya yi ihu ko cizo ko ya fice daga aji, ta rubuta ƙarfe nawa ne, me ke faruwa daf da lokacin, sannan me aka yi masa bayan nan. Layi uku kawai. Akwai wani yaro da na taɓa bi a wata makaranta, shekarunsa kusan na naki, an riga an yanke cewa mugunta ce kawai ke damunsa, mahaifiyarsa har ta gaji da ba iyaye haƙuri a bakin get. Da muka buɗe littafin bayan kwana goma sai ga shi kusan duk abin tsakanin goma da rabi zuwa sha ɗaya ne. Na je na zauna a bayan ajin a wannan lokacin. Ashe sanda ake ɗauke wuta mai gadi ke tada janareto, janareton kuma a jikin tagar da yaron ke zaune yake, bencin ma har rawa yake. Ina kallonsa, ya fara da jijjiga jiki gaba da baya, ya cusa yatsu a kunne, ya sa wuyan rigarsa a baki yana tauna, ya kai minti biyar a haka yana ta fama shi kaɗai, sai na kusa da shi ya taɓo shi yana son fensir, nan ne ya kai masa cizo. Anti ɗin ba ta ga minti biyar ɗin ba, tana allo, cizon kawai ta gani. Muka mayar da shi ɗaya gefen ajin, aka sayo masa abin toshe kunne irin na masu aikin injin, aka ce in ya fara tauna riga a bar shi ya fita baranda. Ban ce komai ya warware ba, amma cizon ya ragu har iyaye suka daina zuwa.

Naki ƙararrawa kin riga kin sani. To ga irin abin da za ki rubuta. A sanar da shi minti biyu kafin a kaɗa, ko a bar shi ya sa abin kunnensa, ko mai kaɗawar ya matsa can nesa da ajinsu. Asambuli, in lasifika ake sawa, a bar shi ya tsaya a ƙarshen layi ko ya zauna a aji har a gama. Wurin zamansa ya zama guda ɗaya kullum, gaba gaba kusa da anti, ba kusa da ƙofa ba ba kusa da taga mai hayaniya ba, kuma kar a riƙa canza masa ba sanarwa, yaran nan canji na ba-zata na wahalar da su fiye da yadda muke zato. A ware masa wani lungu, ko tabarma ce a ofis ko a bayan aji, inda zai je ya huce na minti biyar ya dawo, kuma kar a mai da wurin wurin horo. In za a ba shi umarni a kira sunansa, a faɗi gajeriyar magana guda, a jira, a ƙirga har goma a zuci kafin a maimaita, don sau da yawa ya ji, sarrafa maganar ce ke ɗaukar masa lokaci, in aka sake jefo wata a kai sai komai ya cakuɗe masa. Kar a tilasta masa kallon ido, da yawansu sun fi saurare in ba sa kallonka. Aikin aji in na kowa layi goma ne nasa ya zama uku. Sannan babu bulala, babu tsallen kwaɗo, babu kulle shi a aji shi kaɗai. Wannan na ƙarshen ki sa a rubuta shi ɓaro-ɓaro.

Tunda maganarsa kaɗan ce, ki haɗa masa katunan hoto. Tsari ne sananne da aka fara a Amurka tun 1985, yaro ya miƙa hoton abin da yake so a ba shi. Ba sai kin sayo na waje ba, na waje ma hotunan ba su yi kama da kayanmu ba. Ki ɗauki hoton butarku ta gida da wayarki, da gorar ruwansa, da kular abincinsa, da ƙofar banɗakin makarantar, da tabarmar hutawar, ki kai shagon kwamfuta a buga a manne da leda. Ni har ledar biskit na taɓa yankowa na manna a kwali. Sannan a jera wasu a gefen bencinsa bisa tsarin yini: asambuli, karatu, tara, karatu, tashi, hoton Napep ɗin da ke ɗaukarsa a ƙarshe. Duk wanda aka gama a cire. Wasu iyayen na tsoron wai hoto zai sa ya ƙi magana, ni ban ga haka ba a aikina, abin da na gani shi ne yaron da ke da hanyar cewa ina jin fitsari ba ya buƙatar ya yi ihu.

A ƙasan takardar ku sa buri biyu ko uku na zangon, kar su wuce haka. Misali ya zauna minti goma a kan aiki ɗaya, ya nemi banɗaki da kati, ya jira layinsa wurin wanke hannu. Abin da za a iya gani a ƙirga. Kar ki yarda a rubuta wai "ya inganta ɗabi'unsa", wannan ba wanda zai iya aunawa. A Amurka irin wannan takarda dole ce a doka, dokarsu ta ilimin yara masu nakasa ta faro tun 1975, a 1990 aka sa otizim a cikinta da sunansa, kowane yaro da tsarinsa a rubuce kuma iyaye na cikin masu zaman. Ingila ma suna da nasu tsarin a ƙarƙashin dokar 2014. Mu a nan ba wanda zai kira ki ya ce zo mu rubuta, ke za ki rubuto ki kawo, shi ya sa nake ta nanata miki.

Ranar zaman kar ki je ke kaɗai. Ki tafi da babansa, in ba zai samu ba to kawunsa ko yayarki, wani dai mai sanyin baki, don ke uwa ce, ana fara lissafa laifin ɗanki zuciya za ta taso. Ki nemi anti ɗin ajin ta kasance a wurin, ita ce mai aikin ai, kuma ki fara da gode mata a gaban shugabarta, ki tuna mace ce mai yara talatin ko fiye a gabanta da albashin da ke da kanki kin san bai taka kara ya karya ba, kuma galibi ba a taɓa koya mata komai a kan otizim ba. Ki ce ba ki zo faɗa ba, kin zo da abubuwa shida ko bakwai da ba za su ci wa makaranta ko sisi ba, a gwada na sati shida, in an ga ba canji a sake zama. Mai makarantar kuɗi tsoronta ɗaya ne, kar iyaye su kwashe yaransu. In kika nuna mata hanyar da cizo zai ragu kin cire mata wannan tsoron. Kowa ya sa hannu, ki riƙe kwafi, da kin koma gida kuma ki tura mata saƙon WhatsApp na godiya kina maimaita abin da aka amince, ya zama akwai kwanan wata.

Za su iya ce miki sai kin kawo malamar rakiya, wadda za ta zauna da shi a aji, kuma ke za ki biya. A manyan makarantun Abuja da Legas haka ake yi. Tana da amfani in yaro na ficewa waje ko yana ji wa kansa ciwo, amma ki sa ido, don na sha ganin an ɗauko yarinya ba horo ba komai ta koma 'yar raino, ita ke riƙe masa fensir, ita ke ba shi abinci a baki, anti kuma ta cire hannunta gaba ɗaya, yaro yana cikin aji amma ba ya cikin aji. In za ki ɗauka ki nemi wadda ta karanci fannin, akwai sashen ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, akwai kwalejin tarayya ta Oyo da aka kafa musamman don wannan, ɗalibansu da masu bautar ƙasa da suka fito daga can ana samunsu. Kuma tun farko a yi da ita cewa aikinta shi ne ta riƙa ja da baya a hankali.

To batun doka. E, yana da haƙƙi. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce mai nakasa na da haƙƙin ilimi ba tare da wariya ko ware shi gefe ba, kuma kyauta har sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, kuma a samu aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo a fannin. Ta kuma sa tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko ma'aikatar da ta nuna wariya, mutum ɗaya kuwa naira dubu ɗari ko wata shida a gidan yari ko duka biyun. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a ƙarƙashin dokar. Ga kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ga kowane yaro, ba ta ce ban da mai otizim ba. Jihohi da dama sun yi tasu dokar, Legas tun 2011, Kano da Kaduna da Filato su ma suna da ita.

Amma zan gaya miki gaskiya tsakani da Allah, dokar nan a takarda ta fi ƙarfi. Sashen da ya yi maganar ma'aikaci mai horo makarantun gwamnati ya ambata, makarantar kuɗi ta ɓangaren wariya ne za ki kama ta, kuma da wuya su rubuta miki cewa saboda otizim suka kore shi, sai dai su ce ba su da kayan aiki. Don haka kar ki buɗe zaman da doka, ki ajiye ta a jaka. In sun ƙi zama sam, ko suka ce lallai ki ɗauke shi, sai ki ce to a ba ki a rubuce da dalili. Sau da yawa a nan murya ke sauka. In ba ta sauka ba, ki rubuta ƙorafi zuwa sashen da ke sa ido kan makarantu masu zaman kansu a ma'aikatar ilimi ta jiharku, ki kai kwafi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, suna da ofis a jihohi kuma ba a biyan kuɗin shigar da ƙorafi. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma na sauraren irin wannan.

In kuma ta gwamnati za ki koma, ki fara da hedimasta, sannan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ki tambayi jami'in da ke kula da ilimin masu buƙata ta musamman, ki ce ya nuna miki makarantar da ke da malamin fannin kusa da ku. Ba za su iya ƙin karɓarsa ba. Damuwata da can ita ce cunkoso, ajin da yara suka haura tamanin ga yaron da hayaniya ke azabtarwa, ko malamin na da kirki abin zai yi wuya. Wani lokacin rabin yini ya fi, ya je daga takwas zuwa lokacin da ake fita tara, a ɗauko shi, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan.

Akwai kuma inda ni da kaina zan ce ki cire shi ba jira. In kika ga shatar bulala a jikinsa, ko kika samu labarin ana ɗaure shi ko kulle shi, ko ya fara fitsarin kwance da kuka tun daga ganin yunifom alhali da ba ya yi. Yaron da ba ya iya ba da labari jikinsa ne ke faɗa, ki riƙa duba bayansa da cinyoyinsa wurin wanka. In za ki zaɓi wata makarantar kuma kar fenti da lilo su ruɗe ki, ki ce a bar ki ki zauna a ajin da za a sa shi na rabin awa, ki kalli yadda anti ke yi da yaron da ya fi kowa rigima. Yadda ta yi da wancan haka za ta yi da naki. Kuma ki faɗa musu gaskiya tun ranar farko, ɓoyewa ce ke jawo kiran ofis a sati na uku.

Islamiyya ma kar ki manta, ita ma makaranta ce kuma takardar nan ta shafe ta, can ne ma aka fi ɗaga murya gaba ɗaya ana biya karatu, ga bulala a hannu. Ki samu malam ki yi masa bayani, da yawansu in an zo musu da girmamawa suna karɓa da hannu biyu. Wasu yaran nan suna da kunnen hadda ƙwarai, na ga wanda ba ya iya cewa a ba ni ruwa amma yana kawo gajerun surori daidai da muryar mai karatun da yake ji a waya. A zaunar da shi gefe, a biya masa shi kaɗai minti biyar kafin sauran su taru. Addu'a kuwa ki yi ta yi, mu ma muna taya ki, amma duk wanda ya ce zai dake shi ko ya turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki don fitar da wani abu, ki ɗauke ɗanki ki tafi. Haka duk mai sayar miki da maganin da wai ke warkar da otizim, babu shi, magungunan da likita ke bayarwa na rage wasu matsaloli ne kamar rashin barci ko farfaɗiya ko tsananin fushi.

Ki fara da littafin nan gobe in Allah ya kai mu, tunda da sauran makonni kafin zango ya ƙare. In kwana goma sun cika ki turo min abin da anti ta rubuta, ko hoton shafukan ne, tare da abubuwa uku da ya fi so a duniya, ko murfin kwalba ne ko tayar mota, sai mu zauna mu tsara takardar tare kafin ki koma ofishin. Allah ya raya mana shi, ya ba ki ladan ɗawainiya.